Abin da ɓeraye suka koya mini game da hawan jinin huhu

A shekarata ta farko a ɗakin gwaje-gwaje, aikina shi ne in yi wa ɓeraye allurar monocrotaline, wani dafi da ake samu daga tsiron Crotalaria, miligiram 60 a kan kowane kilo na nauyin jiki, sannan in zuba ido in ga yadda hawan jinin huhu zai kama su. Cikin mako uku zuwa huɗu jijiyoyin jinin huhunsu sukan yi kauri su tsuke, ɓangaren dama na zuciya kuma ya ƙara girma saboda wahalar tura jini. Nakan yanke wannan ɓangaren da ɗan almakashi, in tsane jininsa, in ɗora a ma'auni; a lafiyayyen ɓera nauyinsa wajen rubu'in na ɓangaren hagu da bangon tsakiya ne, a mai ciwo kuwa yakan kai rabi.

Hankalinmu yana kan ƙwayar gado mai suna BMPR2, wadda aka gano a 2000 cewa lalacewarta ce ke haddasa mafi yawan nau'in cutar da ake gada. Masu bincike a Adelaide ta Ostireliya sun riga sun nuna cewa idan aka ɗora lafiyayyarta a kan bairos da aka raunana, aka kai ta jijiyoyin huhun ɓera, ciwon yana sassautawa. Da na gwada irin wannan, sai na ba da maganin kwana uku kacal bayan dafin, sakamakon ya yi kyau, na garzaya wurin malamata ina murna. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, "Wane majinyaci ne yake zuwa asibiti kwana uku da fara ciwo?" Na yi tsuru-tsuru. Mutane kan shafe kusan shekara biyu suna haki kafin a gano cutar, lokacin da jijiyoyin sun riga sun toshe, ashe ni rigakafi na yi nake kiransa magani.

Wannan ya sa muka koma ga hanyar Sugen 5416, inda ake haɗa allurar wani sinadari mai wannan suna da zaman mako uku cikin iska mai ƙarancin oksijin, kashi 10 kacal, domin toshewar da take haifarwa ta fi kama da ta ɗan Adam. Ta fi cin lokaci da kuɗi, ɓerayenta kuma ba sa warkewa da arha, abin da a ganina shi ne amfaninta. Ko a Kanada, ƙwayoyin jini da aka sanya wa ƙwayar gadon eNOS, mai taimaka wa jijiyoyin jini su buɗe, sun yi aiki sosai a ɓeraye, amma a gwajin da aka wallafa a 2015 kan majinyata bakwai, sauƙin da aka gani a jijiyoyin huhu bai ɗore ba.

Yanzu duk rahoton da ya zo hannuna, kafin in kalli sakamako, sashen tsarin gwajin nake fara buɗewa, in nemi ranar da aka ba dabbar dafi da ranar da aka ba ta magani, in ƙirga kwanakin da ke tsakani.