Kafin ki karɓi odar ankon ƙawayen amarya ta waya

Ina shekara ta uku da buɗe shagon ɗinki a wajen Ƙofar Marusa a Katsina wata amarya ta kawo mini ankon ƙawayenta. Su goma sha huɗu ne, tare suka yi karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma kowa ta kama gabanta: wata na aure a Funtuwa, wata na Daura, biyu na Abuja, ɗaya na bautar ƙasa a Kudu. Zuwa shago a auna su bai ma taso ba. Sai na haɗa fom a Google, na sa hoton leshi a Instagram, na tura musu ta WhatsApp. Ƙannena masu shirin bin wannan hanya, ku saurara ku ji inda na yi tuntuɓe.

Amarya ta zaɓi leshin ne daga hoton da na ɗauka da daddare a ƙarƙashin ƙwan shago. A wayarta ruwan hoda ta gani, a zahiri kuwa ya fi kusa da ruwan goro. Kowace waya da yadda take nuna launi, hasken fitila kuma ba irin na rana ba ne. Wannan kaɗai ya isa ɓacin rai, amma na ƙara da wani. Kuɗin suna shigowa a tsittsinke, don haka na sayi yadin mutum takwas a babbar kasuwar Katsina, bayan mako biyu da sauran suka biya na tarar ya ƙare, na aika Kantin Kwari a Kano aka samo mini. Zane iri ɗaya ne, amma ba rini ɗaya ba ne. A cikin shago ban ga bambanci ba. Ranar kamu, da suka jeru a tsakar gida da la'asar za a ɗauki hoto, sai ga takwas sun yi duhu, shida sun yi haske. Washegari mahaifiyar amarya ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "'Yata, ai amana muka ba ki." Na ce, "Hajiya, laifina ne, a yi haƙuri." Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Tun daga ranar ba na yanka komai sai amarya ta riƙe ƙyallen yadin a hannunta ta duba shi a hasken rana. In ba ta gari, na ba direba a tasha ya kai mata. Kuma ba na sayen yadin anko sau biyu. A kan fom nake rubuta ranar rufe biya, in ta cika na saya gaba ɗaya daga dila guda, da rarar yadi biyu ko uku saboda gyara.

Wani kuskuren kuma shi ne yawan zaɓi. Na rubuta musu cewa kowace ta turo salon da take so, a zatona hakan karramawa ce. Hotuna suka yi ta shigowa, wannan da duwatsu har ƙasa, waccan da jela, kuma kowa na sa ran farashi ɗaya. Amfanin anko a ga mutane a san tare suke. Yanzu amarya ce ke yanke yadi da launi, shi ke nan an rufe. Abin da ƙawa ke zaɓa kaɗan ne: doguwar riga ko riga da siket, hannu dogo ko mai tsayawa a gwiwar hannu, wuya iri uku, ɗankwali kaɗai ko har da gyale. Kowanne da hotonsa da kuɗinsa a gefe, ta san jimillar kafin ta tura. Ku rage nauyin hotunan, don wadda take ƙauye ba za ta ƙona datarta tana jiran shafi ya buɗe ba.

Awo kuwa, a nan na fi son ku nutsu. Tef fuska biyu gare shi, inci da santimita, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wata ta aiko mini ƙirji da inci, tsawo da santimita, ban lura ba sai da na shimfiɗa yadi na ɗauki alli. Ki yi ɗan gajeren bidiyo da Hausa ki nuna inda tef zai bi, ki ce inci kawai, sannan kowace ƙawa ta haɗo da awon rigar da take jin daɗinta. Kada ki taɓa neman awo a zauren WhatsApp na ƙawaye. Mace na jin kunyar faɗin ƙugunta a gaban jama'a, sai ta rage inci biyu, rigar ta ƙi shiga. A ƙarshen fom ina barin wani gurbi da ni kaɗai ke gani: "Akwai abin da kike so tela ta sani?" A nan mai shayarwa ke neman zif a gaba, mai ƙaramin ciki da ba ta gaya wa kowa ba ta ce a sake mata wajen ciki, matar aure ta ce maigida ba ya son wuya a buɗe.

Sai biyan kuɗi. Yawancinsu ba da asusunsu suke turowa ba, na miji ne ko na yaya ko na mai POS, sai alat ya shigo da sunan da ban sani ba. Na taɓa kwana biyu ina bin wata bashi alhali ta biya tuntuni, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Yanzu kowace ƙawa da lambar odarta, ita take rubutawa in za ta tura kuɗi. Lambar nake mannawa a jikin yadinta tun a teburin yanka, ita ce kuma a kan ledar da direba zai ɗauka zuwa Daura ko Funtuwa, kwana goma kafin kamu, don in akwai gyara rigar ta je ta dawo.