Wasiƙa daga Jamus: kafin ka sauke motarka ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwana na Kaduna, musamman samari masu son ganin mota ta kwanta, wato an rage mata tsayi.

Aikin ƙafar mota nake yi a wani gareji a nan Jamus. Tun ranar da ƙanena ya turo mini hoton Golf ɗinsa da aka yanke wa sifirin da giranda hankalina bai kwanta ba. Don girman Allah ku daina. Yankakken sifirin ba ya zama daidai a mazauninsa, rami ɗaya a hanyar Abuja ya isa ya fisge shi kana kan gudu.

Mai son sauke mota hanya biyu gare shi. Akwai gajeren sifirin na kamfani, irin na Eibach ko H&R, wanda yawanci yake sauke ta kamar milimita 30, kuma inda ya ajiye ta nan za ta tsaya. Yana da sauƙin kuɗi, amma in ka haɗa shi da tsohon shokazoba ba za su daɗe tare ba, domin an rage masa wurin motsi. Gara ka sayi cikakken saiti, sifirin da shokazobansa.

Ɗayan shi ne koyiloba, wato shokazoba da sifirin a haɗe. Jikinsa yana da zare irin na noti, da sifana kake ɗaga motar ko ka sauke ta. Masu tsada irin KW V3 har taurin shokazoba ana saitawa. A ido ya fi dacewa da mu: damina ta zo, ka ɗaga. Amma fa duk taɓawa sai an sake saitin ƙafa, in ba haka ba taya ta cinye gefe guda. A nan gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cin zaren. A gida ƙurar hunturu da lakar Agusta ne za su liƙe shi, ka wayi gari da abin da ka saya da tsada ya ƙi juyawa. Sai mai wanke shi yana shafa mai. Na arha marar suna kuwa, wallahi gara ƙafar da motar ta zo da ita.

Ku tuna Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri tun 1975. Tsayinta da laushin ƙafarta ne suka sa ta shiga ko'ina. Titunan Jamus sumul suke, duk da haka yawanci sai injiniyan TÜV, masu duba lafiyar mota, ya duba takardar kayan kafin a bar saukakkiyar mota ta hau titi. Mu kuwa ga tudun rage gudu a kowane layi, ga kwanon baƙin mai da salansa a ƙasa.

Ni dai ƙanena na ce masa ya nemi saitin milimita 30, kada ya wuce haka. In Allah Ya kawo ni gida, tare za mu shiga Panteka a ɗaura.

Ɗan uwanku,
daga Jamus