Corolla 'yar 2006 da dariyar dillalai

Tun da na baro Damagaram na zauna a Kano ina taya kawuna harkar atamfa a Kantin Kwari, baƙunci bai taɓa damuna ba, domin harshenmu ɗaya ne, tuwonmu ɗaya ne, kuma wanda ya kama hanya da safe ta Daura da Kwangwalam da Matamaye zai yi sallar la'asar a gida. Ban san ni baƙo ba ne sai da na shiga neman mota.

Motar da aka kai ni gani Toyota Corolla ce ƙirar 2006, mai giyar atomatik, tana tsaye a wani filin dillalai an wanke ta har tayoyinta suna sheƙi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma neman ƙaramar mota marar shan fetur, saboda haka dillalin yana magana da ni ne da taƙamar wanda ya san wani mai sayen yana nan tafe. Ya nuna mini mitar gaban sitiyari, 187,000, ya ce ai ba ta yi komai ba. Na ce masa motar daga Amurka ta fito, lissafinta da mil ne, kuma mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi, wato ta haura kilomita 300,000. Ya ce: "Alhaji, tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

Yawan tafiyar bai tsorata ni ba, domin injin wannan ƙirar da sarƙa yake aiki, ba da bel ba, kuma idan ana sauya masa baƙin mai a kan kari yana daɗewa. Abin da nake so in sani shi ne irin riƙon da ta samu. Na ɗora hannu a kan bonet na ji ɗumi, alamar an tayar da ita kafin in iso, alhali tsohon inji da sanyin safiya yake faɗin gaskiya: ƙarar da zai yi a tashin farko da launin hayaƙin salansa, shuɗi idan yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri idan ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Na buɗe murfin baƙin mai na duba ko akwai farin kumfa, alamar ruwa ya gauraya da shi, na zaro sandar awon man giya na shinshina, ƙaurin ƙuna ya buge ni. Na murza makulli ba tare da na tayar da ita ba, duk fitilun gargaɗi suka kama ban da na inji, wanda hakan ke nuna mai yiwuwa an kashe shi ne don kada ya tona asiri. Daga nan na shimfiɗa kwali na kwanta ƙarƙashinta da farar shaddata, domin motocin da suka yi zama a jihohin ƙanƙara gishirin da ake watsawa a titi yakan cinye musu ciki, fenti kuma yana nan lafiya lau a sama. Tsatsa ta ci wajen ƙafar baya, tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa kuma an yanke ta an liƙa bututu da walda.

Ina kwance a nan ne na ji dariya. Wani daga kan benci ya ce: "Ku zo ku ga ɗan Nijar, zai sayi mota yana leƙenta ta ƙasa." Da na fito na nemi takardun kwastan domin in gwada lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da wadda ke jikin gilashin gaba, sai dillalin ya ce, a gaban jama'a: "Ku da kuke shigo mana da su ta daji, yau kai ne mai tambayar takarda?" Gaskiya ne an sha sauke motoci da yawa a Kwatano da sunan za su Nijar, daga baya su ɓullo a Najeriya, kuma saboda haka ne aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017. To amma wanda za a tare a hanya a ƙwace masa mota ni ne, ba shi ba. Ban tanka masa ba. Na karkaɗe rigata, na yi musu sallama, maganar kuma ta bi ni har gida.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne duk wannan dubawar daga mahaifina na koye ta, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas, inda lagireto ɗaya idan ya fashe mutum zai iya kwana biyu bai ga kowa ba. A garinmu duk wanda zai sayi tsohuwar mota sai ya zo ya ɗauke shi, kuma ba a taɓa yi masa dariya don ya kwanta a ƙasa ba.

Motar ma ba don kaina nake nemanta ba. Gwiwoyin Inna sun hana ta shiga motar haya, kuma ina son idan na je gida da Babbar Sallah in kai ta ganin 'yar'uwarta a Mirriya ba tare da an matse ta cikin fasinjoji ba. Da na ba ta labari ta waya, tambayarta ɗaya ce, ko rigar ta wanku. Ƙanena kuwa ya dage in aiko masa da kuɗin ya nemo wata a can, duk da ya san nairar da nake tarawa idan aka mayar da ita sefa ba ta da auki kamar da. Kawu ya goyi bayansa, ya ce a ƙalla a can idan mota ta fito da aibi an san gidan wanda ya sayar. Ni dai na riga na yi magana da wani bakanike a Ƙofar Ruwa mai na'urar karanta kwamfutar mota, akwai wata Corolla da za mu gani ranar Asabar, na kuma gindaya wa mai ita sharaɗin cewa kada kowa ya tayar da ita sai mun iso.