Ka sakar masa haɓa, yana jin ka

Ranar Asabar da ta wuce na je suna gidan ƙanwata can Garin Malam, an yi addu'a an raba goro da dabino mutane sun fara watsewa, ina zaune a zaure ina jiran rana ta ɗan yi sanyi sai ga ɗanta ya jawo yaronsa ɗan shekara huɗu wai ya zo ya gaida ni. Yaron ya zo ya tsaya, idonsa na kan carbin da ke hannuna. Uban ya ce gaida kaka mana. Shiru. Ya ce ka dube ni in ina maka magana, nan ma shiru, sai ya durƙusa ya kama haɓar yaron ya ɗago fuskarsa da ƙarfi, ɗayan hannun kuwa salula ce a ciki ko ajewa bai yi ba. Yaron ya runtse ido ya ƙame yana wani gunji ƙasa-ƙasa. Wallahi sai da jikina ya yi rawa, don abin da na yi kenan da hannuna kusan shekara talatin baya.

Na ce kai, sakar masa haɓa. Ya ce Kawu ai taurin kai ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban iya ba shi amsa gaban mutane ba, maƙogwarona ya toshe. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, shi da ire-irensa su karanta in sun ga dama.

Ni mushe ne, wato malamin makarantar boko, shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli a lakol kafin in aje aiki. Ɗana na fari, ba zan kama sunansa ba kun san al'ada, an haife shi a 1991. Tun yana goye uwarsa take cewa yaron nan in ina ba shi nono ba ya kallona, fitila yake kallo ko rufin ɗaki, ni kuma in ce mata ke dai da neman magana. Ga kunyar ɗan fari, ba na ɗaukarsa ba na wasa da shi gaban mutane, to yaushe zan lura? Da ya fara tafiya sai ka kira sunansa sau biyar bai waiwayo ba, amma a taɓa ledar biskit a ƙuryar ɗaki sai ka gan shi ya iso. Magana bai yi ba sai da ya kusa shekara huɗu. Aikinsa tara marafan kwalba yana jerawa a gindin bango, in wani ya gusar da ɗaya ranar ba mai barci a gidan.

Abin da ya ƙara rufe mana ido shi ne a wurinmu yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba shi ne mai tarbiyya. In na kai shi gaida dangi cikin Birni tsofaffi su yi ta sa albarka, kai wannan yaro da kunya yake, ni kuma ina jin daɗi. A makarantar allo ma ba a ga komi ba, kowa kansa na kan allonsa, malaminsu har yabon haddarsa yake. Sai 1998 da na sa shi lakol inda nake koyarwa. Can kuwa doka daban ce, an horar da mu cewa ɗalibin da ba ya kallon mushe ba ya sauraro, da Faransanci muke daka musu tsawa ka dube ni in ina magana. Ba a yi wata biyu ba abokin aikina ya same ni ya ce ɗanka fa ba ya tare da mu, taga kawai yake kallo. Ɗan mushe guda. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma kunyar nan a kan yaron na sauke ta.

Kullum bayan magariba sai in zaunar da shi gabana in kama haɓarsa in ce dubi idona, in ƙirga ɗaya zuwa goma, in ya kauda ido a bakwai mu koma ɗaya. Dorina na gefe. Wani lokaci har a kira isha'i muna nan.

Ba wai ina wanke kaina ba amma ku san zamanin da muke ciki. An karya darajar sefa a Janairun 1994 kaya suka yi tashin gwauron zabi, albashi sai a yi watanni ba a gani ba, aji ɗaya yara sun haura tamanin, ka dawo gida ka tarar ba ruwa a famfo kamar yadda duk ɗan Damagaram ya sani, ka tashi da asuba neman mai ga-ruwa. Kuma ba wanda ya taɓa gaya mana abin nan yana da suna. Na kai shi asibiti aka duba kunne aka ce lafiya lau yake ji. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, an sha rubutu an yi hayaƙi, akuyar uwarsa biyu suka tafi a haka. Ni so nake ya zama mutum, ina tsoron in na mutu duniya ta taka shi, wane uba ne ba zai ji wannan tsoron ba? Sai dai in na ce ban san ina cutar da shi ba sam na yi ƙarya. Uwarsa ta sha tsayawa bakin ƙofa tana cewa Malam ya isa haka. Akwai daren da ya yi fitsari a wando a gabana yana ɗan shekara tara, na gani da idona, washegari na sake zaunar da shi.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta kuɗi. Jika biyu suka ɓace mini, na tara yaran gida na ce kowa ya dubi idona ya ce ba shi ba ne. Ƙannensa suka duba suka faɗa. Shi ya ce ba ni ba ne amma idonsa na ƙasa. Na ce labarin zuciya a tambayi fuska, ga ɓarawo nan, na yi masa dukan da ban taɓa yi ma wani ɗalibi ba. Bayan kwana uku na sami kuɗin cikin kayen da nake rubuta darasi, ni na sa su da hannuna. Ban ba shi haƙuri ba. A lokacin gani nake uba ba ya ba ɗa haƙuri.

Kuma ya koyi kallon, kar ku ce bai koya ba. Sai ya kafe ka da ido ko ƙiftawa babu har kai ka ji ba daɗi, amma ka tambaye shi me na ce yanzu, ba amsa. Karatu ya lalace, a CM1, aji biyar na firamare, ya tsaya. Kawunsa na wajen uwa baduku ne ya ɗauke shi koyon aikin fata, can ne ya samu sauƙi don kowa kansa na kan aikinsa, ba mai cewa dube ni.

Sai 2018 muka tafi ta'aziyya Mirya a kan moto, ni ke tuƙi yana bayana. Tunda muka fita gari yaron nan yake magana, yadda ake jeme fata da bagaruwa, wace fatar akuya ce ke shan rini wace ce ba ta sha, wanda ya cuce shi a kasuwar Dole ranar Alhamis, har muka isa bai yi shiru ba. Shekararsa 27 ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. A hanyar dawowa na ce ashe kana da baki haka, me ya sa ba ka yi a gida? Ya ce Baba ai nan ba ka kallona. Ya ce in na dubi idon mutum kamar na dubi rana tsaka ne, zafi nake ji, kuma sai maganar ta ɓace mini, ko dai in gan ka ko in ji ka, biyun ba sa haɗuwa. Na tsaida moto gefen hanya na ce wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Ƙanwarsa da ke karatun likita a Yamai ita ta gaya mini sunan abin, otizim, wasu a rediyo suna cewa galahanga, daga baya ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa can ya tabbatar. Ta ce wani likita a Amurka, Leo Kanner, tun 1943 ya yi bayanin yara 11 masu irin wannan hali, wato tun kafin a haife ni an san da shi ni ina nan ina ƙirga ɗaya zuwa goma. Hukumar lafiya ta duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari, to ku lissafa ajin yara tamanin shekara talatin da ɗaya, nawa suka wuce ta hannuna na daka musu tsawa. Ƙanwar tasa ta kuma ce a 2017 masu bincike a Boston sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu otizim lokacin da aka sa su dole su kalli wurin ido a hoton fuska, sai aka ga sassan da ke tada hankali da tsoro sun yi aiki fiye da kima. Abin da ɗana ya faɗa mini a kan moto kenan, shi da bai gama firamare ba.

Na zauna da niyyar in jera muku shawara goma, da na duba ba su kai haka ba.

Ka cire hannunka daga haɓar yaro. In kana so ya ji ka zauna gefensa kafaɗa da kafaɗa, ko ku yi tafiya, ko ka ba shi abin da zai riƙe, ka yi magana gajera ka jira. In kana shakkar ya ji, tambaye shi me ka ce, kar ka tambayi idonsa. Kuma kar ka kuskura ka yanke ma yaro hukuncin sata ko ƙarya don ya kasa haɗa ido da kai.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, mu ba mu da inda za mu tambaya, ku kuwa duk ilimin nan yana cikin aljihunku, har rana aka ware ma otizim 2 ga Afrilu duk shekara, amma sai ku kwana a fada kuna shayi kuna TikTok. Ku kanku wa kuke kallo? Ina yi ma ɗayanku magana idonsa na kan salula yana cewa ina ji Baba, sannan ya koma gida ya shaƙe haɓar ɗan shekara huɗu wai ba ya kallonsa. Duk da haka kar ka ga ɗan bidiyo na minti ɗaya ka ce ɗana otizim gare shi, ba kowane yaro mai kauda ido ba ne, wani kunya ce ta gaske wani kunne ne. In ya wuce shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, magana ta yi jinkiri, a fara da duba kunne sannan a nemi likitan yara. Ƴan mata ma a lura da su, su ne aka fi cewa kunya ce a wuce. Ba allurar rigakafi ke kawo shi ba, ba laifin uwa ba ne, kuma ba ƙwayar da ke warkar da shi, duk wanda ya ce kawo kuɗi ga magani akuyarka yake so. Addu'a kam a yi ta, ni ma ina yi.

Na ce kar a tilasta, amma kuma duniya ba za ta zauna gefensa ba, akwai shingen jandarma akwai ofis akwai ranar da zai je gaban surukai ko mai sayen kaya ya ga kamar yana ɓoye wani abu. In ya girma ya yarda da kansa, a nuna masa dabarar kallon goshi ko bakin hula na ɗan lokaci sannan ya kauda. Ɗana yana yi. Amma ya ce ko wannan gajiyar da shi yake, ranar kasuwa in ya dawo ba ya iya magana da kowa sai washegari, har nake tunanin da ma ban koya masa ba, mutane ne ya kamata su koyi haƙuri. To amma mutane ba sa koya.

Na ba shi haƙurin jika biyun nan bara, muna zaune a shagonsa ina kallon titi yana ɗinkin jaka. Ya ce ranar Talata ce, kana sanye da shuɗiyar riga. Bai ce komi bayan haka ba, ya ci gaba da ɗinki.

Daren jiya na tura ma ɗan ƙanwar tawa saƙo a WhatsApp na ce ranar Juma'a in an sauko masallaci ya kawo mini yaron shagon ɗana, ya bar shi ya zauna ya taɓa guntayen fata, shi kuma ya aje salula ya ga yadda ake magana da mutum ba tare da an dube shi ba. Ya buɗe saƙon, bai amsa ba tukuna. Carbin da yaron ke kallo na cire shi daga aljihu na aje masa.