Wata Tara da Jatan Lande a Bauchi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon kiwon halittun teku a gida. Littafin da nake rubuta awon ruwa a ciki ya kusa cika, shi ne na ga ya dace in tsamo muku abin da ya faru tun daga Nuwamba zuwa wannan wata na Yuli, musamman ku da kuke nan Arewa inda teku ke da nisan kwana a mota.

Tankina lita 60 ne, amma bayan na zuba yashi na jera duwatsu, ruwan da ke ciki bai wuce lita 50 ba. Yana ɗakina a Fadaman Mada. Ban sa kifi ba tukuna, halittu marasa ƙashin baya kaɗai nake riƙe da su: jatan lande ɗaya mai jan baya da farin zane a tsakiya, wanda masana ke kira Lysmata amboinensis, dodon koɗi irin Trochus guda huɗu, Nassarius biyu masu nutsewa cikin yashi, ƙaguwa biyu masu zama cikin katantanwa, da murjani mai laushi mai kama da laimar kwaɗi.

Watan farko jira ne kawai. Gishirin girki ba ya yin wannan aiki, sai haɗaɗɗen gishirin teku da na saya daga Legas, mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam. Ruwan famfonmu na madatsar Gubi akwai kulorin a ciki saboda lafiyarmu, amma shi ke kashe ƙwayoyin bakteriyar da tanki ke buƙata, na burtsatse kuma ma'adinai sun yi masa yawa. Sai na sayi ƙaramar na'urar tace ruwa ta RO. Don ƙwayoyin bakteriyar nan su hayayyafa, na jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, amoniya mai guba ta tashi, suka mayar da ita nitrait wanda shi ma guba ne, shi ma ya koma nitret mai sauƙin illa. Mako biyar aka ɗauka kafin na farko da na biyu su sauka zuwa sifili.

A Disamba aka aiko mini da dodon koɗi shida ta hannun direba. Na yi musu yadda na saba yi wa kifin ado na ruwan daɗi: na ajiye ledar a kan ruwa minti 15, na kwance, na juye. Kafin kwana biyu, uku daga cikinsu sun mutu. Da na auna gishirin ragowar ruwan ledar sai na ga 1.021, nawa kuwa 1.026 ne. A ido bambancin ba komai ba ne, amma waɗannan halittu ba su iya daidaita gishirin jikinsu kamar yadda kifi ke yi, duk abin da ruwa ya zama shi jininsu ke bi. Abin ya tsaya mini a rai, domin rayuka ne da aka ɗebo daga nesa suka iso lafiya, a hannuna suka ƙare.

Maganin yana kemis ɗin unguwarku. Robar ƙarin ruwa sabuwa, wadda ake sa wa marasa lafiya, tana da ɗan tayan da ake murzawa a rage gudun ɗigo. Nakan juye halittun da ruwansu cikin ƙaramar roba, in ja ruwan tanki ta wannan bututu, ɗigo biyu zuwa uku a daƙiƙa, har ruwan ya ninka biyu. Sai dai kada a wuce minti 45 ga abin da ya kwana a hanya. Ledar da ta daɗe a ɗaure ta tara amoniya, kuma da zarar an buɗe iska ta shiga, dafin amoniyar ƙaruwa yake yi. Ruwan leda kuma ba ya shiga tanki, da hannu ake ɗauke su.

Hunturu ya koya mini darasin da ban taɓa zato ba. Iskar Janairu a Bauchi busasshiya ce ƙwarai, tankin yana rasa kusan lita ɗaya da rabi kullum. Ruwa ne ke tafiya, gishiri yana nan. Na je biki Gombe na yi kwana uku, na dawo na tarar awon gishirin ya tashi daga kashi 35 cikin dubu (daidai da 1.026 ɗin nan) ya haura 38, murjanin duk ya tsuke. Na so in zuba ruwa lokaci guda in gyara, Allah ya sa na tuna abin da ya faru a Disamba, sai na riƙa ƙara kofi-kofi har tsawon yini biyu. Tun daga ranar na manna salatif a jikin gilashin daidai bakin ruwa, safe da yamma ana cikowa zuwa layin da tataccen ruwa mara gishiri. Hita, wato na'urar ɗumama ruwa, ita ma dole ce a lokacin, domin sanyin asuba yana sauko da ruwan ƙasa da digiri 24.

Cikin watan ne ƙanina ya same ni a waje hankalinsa a tashe, ya ce, "Yaya, zo ka gani, jatan landen nan ya mutu." Na shiga na ga shi kwance a kan yashi, da ƙafafunsa da gashin bakinsa cif. Sai da na ɗaga na ji ba nauyi, ashe saɓa ya yi kamar ta maciji, shi kuwa yana bayan dutse yana jiran sabon ɓawonsa ya yi ƙwari. Yanzu yakan yi haka bayan 'yan makonni. Idan kun ga irin wannan kada ku tone duwatsu kuna nema, jikinsa a ranar taushi gare shi, ɓuya yake buƙata.

Bazara ce ta fi ba ni wahala, kuma a nan nake ganin yawancinmu za mu yi asara. Abin da ake so digiri 25 zuwa 26 ne. A Maris da Afrilu zafin garin nan yana kai 40, ruwan tankina ya taɓa kai 31 da rana tsaka. Wannan shi ne ɗumin ruwan Wikki na Yankari da muke jin daɗin wanka a ciki, amma ga dodon koɗi azaba ce. Na gan su sun hau can saman gilashi sun fito da rabin jikinsu waje. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, ga shi a daidai lokacin jikin halittun ya fi buƙatarta, idan kuma aka ɗauke wuta famfon motsa ruwa ya tsaya, abu biyu sun haɗu ke nan.

Na'urar sanyaya ruwa ta fi ƙarfin aljihuna, saboda haka na koma dabarar randa. Abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne wanda ke tsattsafowa ta jikinta iska na busar da shi. Na ɗaura ƙaramar fanka mai caji tana hura saman ruwan, na cire murfi na sa raga, nan take aka samu ragin digiri biyu zuwa uku, sai dai ƙarin ruwan cikowa ya ninka. Fitila kuma na mayar da ita daga la'asar zuwa tsakar dare. Gorar ƙanƙara na gwada ta, ban gamsu ba: tana sauko da zafin da sauri, ta narke, ya koma, wannan hawa da sauka ya fi dameni fiye da zafin kansa. Na gwammace ruwan ya zauna a 28 yini guda da ya riƙa yawo tsakanin 25 da 30. Famfon motsa ruwa na haɗa shi da batirin sola, ga kuma ƙaramin famfon iska mai batir a ajiye. Murjani zai jure kwana biyu ko uku ba fitila, amma ruwa ya tsaya cik na wasu awoyi a cikin zafi, wannan ba a wasa da shi.

Asara mafi ciwo a Yuni ta zo. Jatan landen biyu ne a da. Damina ta faɗi, sauro ya yi yawa, aka fesa maganin sauro a ɗakin da magariba aka rufe ƙofa kamar yadda kowane gida ke yi. Da safe ɗaya ya mutu, ɗayan yana kwance a gefe yana karkarwa. Jatan lande da ƙaguwa dangin ƙwari ne a halitta, gubar da ke kashe sauro ita ce ke kashe su, kuma kaɗan ta ishe su. Famfon iskar da na sa don ceton su shi ya riƙa zuƙo hayaƙin yana turawa cikin ruwa. Na canza lita 15 nan take, na sa gawayin tacewa sabo, na sake canzawa washegari, Allah ya taimaka ɗayan ya tashi. Yanzu ɗakin gidan sauro kaɗai ake amfani da shi, ba feshi, ba na hayaƙi, turaren wuta ma uwargida ta mayar da shi falo. Jan ƙarfe shi ma haka yake gare su: maganin kifi mai ɗauke da shi, ko kan famfo na tagulla a hanyar ruwan, kada su kusanci tankin. Bokitin haɗa gishiri nasa daban, ba a wanki da shi, hannu kuma sai an ɗauraye man shafawa kafin ya shiga.

Makon jiya ƙaguwa ɗaya ta kashe Trochus ta shige katantanwarsa, saboda ta girma gidanta ya matse ta. Na zuba katantanwa biyar marasa kowa masu girma daban-daban, tun daga nan ban ga ta bi wani ba. Awon safiyar yau: gishiri 1.025, zafi digiri 26, kuma ina canza lita 5 kowace Asabar. An yi mini tayin murjanin Zoanthus mai launi kamar fure, na ce a dakata, domin wasu daga cikinsu na ɗauke da dafin palitoksin mai haɗari ga mutum, ni kuma akwai yara masu son tsoma hannu. Laimar kwaɗin da na fara da guda uku yanzu ta zama bakwai, ƙananan sun tsiro ne daga guntun da uwar ke bari a kan dutse idan ta matsa gaba.