Kafin ka zuba miliyoyi a kwamfutar gem, ka fara auna hannunka

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar kayan gem zan yi, don na lura duk wanda ya zo min da lissafin kwamfutar da yake son haɗawa abu ɗaya suke yi, a jero katin girafik mafi tsada, firosesa mafi tsada, fanka mai fitilu kala bakwai, sai can ƙasan takarda a rubuta "maus, ko wane iri". Ni kuma a wajena nan ne lissafin yake karkacewa, saboda duk cikin kayan nan maus ne kaɗai hannunka zai wuni a kai.

Bari mu fara da manyan kayan tukun tunda su ne ke ɗaukar ido. A ɓangaren kati, RTX 5090 na Nvidia da ya fito a Janairun 2025 shi ne oga kwata-kwata, 32GB na GDDR7, farashin kamfani dala 1,999, shi ma in ka same shi a haka, don a kasuwa ya sha haura wannan kuɗin nesa ba kusa ba. Wanda ya gabace shi, RTX 4090 na 2022, 24GB ne a dala 1,599. Abin da mutanenmu ba sa dubawa shi ne layin wuta. 4090 yana jan wat 450, shi kuwa 5090 wat 575 shi kaɗai, kamfanin da kansa cewa ya yi a saka masa fawa saflai mai wat 1000. Ka ɗora firosesa da monita da sauran tarkace, kana cikin wasa sosai ka doshi wat 700 zuwa 800, toh kai da kake kan inbata da batir biyu, ko ƙaramin janareta, sai ka zauna ka yi wannan lissafin da kyau kafin ka tura wa kowa kuɗi. Kuma duk wutar da ya ja zafi take komawa a cikin ɗakin, a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ba sai na yi maka bayani ba. Ga kuma batun filogin nan mai fil 16 da aka yi ta ganin hotunansa ya narke a kan 4090 tun 2022, yawanci in bai shiga ya zauna daram ba ko an lanƙwasa wayar dab da bakinsa. In ka sayi irin wannan kati ka tura filogin har ka ji ya yi ƙas, ka haska da fitilar waya ka tabbatar babu tazara ko ta gashi ɗaya.

Ni dai ra'ayina, in ba 4K za ka yi wasa ba ko kana aikin bidiyo da 3D da katin zai dawo maka da kuɗinsa, 5090 almubazzaranci ne. RX 9070 XT na AMD mai 16GB da aka sa wa dala 599, ko RTX 5070 Ti shi ma 16GB a dala 749, sun ishi kowa a 1440p, wato kaifin hoton da ke ƙasa da 4K, har da ragi. Abin da zan ce ka guje wa shi ne sabon kati mai 8GB in kana son ya kai ka shekaru, sabbin gem sun fara cinye wannan mimori tas.

Firosesa kuwa maganar ba ta da tsawo. In gem ne zalla, Ryzen 7 9800X3D da ya fito a Nuwamban 2024 a dala 479, ko yayansa 7800X3D na 2023 in aljihu ya ɗan matse. Kowannensu kwa 8 ne kacal, wato sassan da ke yin lissafi a cikinsa, amma an lafta musu kash na L3, wata mimori mai sauri a cikin firosesan, har 96MB, kuma gem irin su Counter-Strike 2 da Valorant wannan kash ɗin suke so fiye da yawan kwa. A haɗa da RAM 32GB DDR5 mai gudun 6000, da SSD na NVMe mai 2TB, shikenan ka gama. Masu sha'awar Intel tokumbo su tuna da matsalar da manyan firosesa na zubi na 13 da 14 suka samu a 2024, ta yawan faɗuwa saboda boltej, har kamfanin ya fitar da gyara ta BIOS ya ƙara garanti na shekara 2, don haka in za ka sayi na hannu ka tambayi tarihinsa sosai.

Sai monita, wanda shi ne yake haɗa duk wancan ƙarfin da idonka. Monita mai 60Hz tana sauya hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 144Hz duk 6.9, mai 240Hz duk 4.2. Wallahi na sha ganin kwamfuta mai fitar da firem 400 an jona ta da tsohuwar monitar ofis, ko kuma an sayi mai 165Hz amma a saitin Windows tana nan a 60 ba a taɓa canzawa ba, mai ita yana ta yabon santsinta. Je ka duba naka yanzu, ba zan gaya wa kowa ba.

Toh yanzu mu zo kan maus.

Abu na farko da kwali yake maka ihu da shi shi ne DPI. Razer Viper V3 Pro an rubuta 35,000, Logitech G Pro X Superlight 2 ya fito da 32,000 daga baya aka ɗaga shi zuwa 44,000 ta sabunta manhaja. Ma'anar lambar ita ce ɗigo nawa kibiya za ta yi tafiya in ka ja maus inci ɗaya. Ka yi lissafi da kanka, faɗin allon 4K ɗigo 3,840 ne, kenan a 35,000 motsin da bai kai milimita 3 ba ya ratsa allon daga wannan bango zuwa wancan, numfashi ma in ka yi da ƙarfi kibiyar ta gudu. Babu mai wasa a haka. Ƙwararrun da ake biya albashi su buga CS2, wato Counter-Strike 2, da Valorant akasarinsu 400 ne ko 800, wasu 1600. Wanda ke kan 400 da sensi 2, wato saitin saurin juyawa na cikin gem, a CS2 sai ya ja maus kusan santimita 52 kafin ɗan wasansa ya juya zagaye ɗaya cif, shi yasa kake ganinsu da shimfiɗar maus mai faɗin gaske suna aiki da dukkan hannu tun daga gwiwar hannu, ba wuyan hannu kaɗai ba. Sensa kam an riga an gama da ita tuntuni, duk maus mai PAW3395 ko PAW3950 na kamfanin PixArt, ko HERO na Logitech, ko Focus Pro na Razer, ba za ka iya bambance su da hannu ba, duk wanda ya ce yana iyawa a rufe masa ido a gwada shi.

Na biyu shi ne yawan rahoton da maus ke aika wa kwamfuta a daƙiƙa ɗaya. Na ofis 125Hz ne, rahoto ɗaya duk milisakan 8, kuma daga nan zuwa 1000Hz mai milisakan 1 bambanci ne da kowa zai ji. Amma daga 1000 zuwa 8000Hz da ake ta talla yanzu, abin da ka ci riba bai kai milisakan ɗaya ba, kuma ba kyauta ba ne, yana ƙara wa firosesa aiki, wasu tsofaffin gem ma har sarƙewa suke, sannan batir yana zuba. Viper V3 Pro a 1000Hz Razer sun ce awa 95 yake yi, a 8000Hz kuma awa 17. Mu kuma da muke nan, sabar Valorant ko CS2 da muke shiga tana Turai ne ko Afirka ta Kudu, fing ɗinmu, wato jinkirin layi, sau da yawa ya haura milisakan 100, kaga mutum yana fama da jinkirin milisakan ɗari da wani abu a layin intanet amma yana ƙara kuɗi don ya rage ƙasa da ɗaya a maus. In kana da monita 360Hz zuwa sama da firosesa mai ƙarfi, ka sa 2000 ko 4000 ka ji daɗinka, in ba haka ba bar shi a 1000 ka huta da caji.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne siffa, kuma shi ne ba a iya rubutawa da lamba a kwali. Maus kamar hula ce, komai kyan aikin Zanna Bukar in ba lambar kanka ba ce haka za ka wuni kana gyara ta. Ɗauko rula ka auna daga layin wuyan hannunka zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya. Ƙasa da santimita 17 ƙaramin hannu ne, 17 zuwa 19 matsakaici, abin da ya haura haka babba. Sai ka lura da yadda kake riƙo lokacin da wasa ya yi zafi, ba lokacin da kake kallon hannun ba, don da ka sa ido riƙon zai canza. Akwai mai kwantar da tafin gaba ɗaya a bayan maus, shi irin DeathAdder V3 Pro ko Zowie EC2 masu tudu da karkata zuwa dama su ne nasa. Akwai mai ɗage yatsu su tanƙware kamar ƙambori, gindin tafi kawai ke taɓa bayan maus, shi kuma Viper ko Superlight ko duk wani mai tudu ta baya. Akwai mai riƙo da kan yatsu zalla, tafinsa ko taɓawa ba ya yi, wannan ƙaramin maus mara nauyi yake buƙata. Superlight tsawonsa milimita 125 ne kuma siffarsa ba ta da wani kwana, shi yasa yake shiga hannun kusan kowa, ba don ya fi kowa ba. In ɗan yatsanka na ƙarshe yana jan ƙasa, ko bayan awa ɗaya ka ji bayan hannu yana maka tsami, ba naka ba ne ko nawa ka saya. Mai hagu kuma ya duba da kyau, yawancin masu siffa iri ɗaya hagu da dama ɗin ma maɓallan gefe a ɓangaren hagu kawai suke.

Nauyi shi ma ya canza sosai. G502 Hero na Logitech da mutanenmu suke ƙauna giram 121 ne, har da ƙananan ƙarafa da za ka ƙara masa, Superlight na farko a 2020 ya sauko giram 63, na biyu 60, Viper V3 Pro 54. Ga mai harbi da ƙaramin sensi wanda zai yi ta ɗaga maus yana mayarwa tsakiya, mara nauyi ya fi sauƙi a hannu ba tantama. Amma in naka GTA ne da gem na dabaru da aikin editin, G502 da tarin maɓallansa da wilin nan mai sakin jiki ya fi maka amfani, kar wani ya sa ka raina shi. Masu buga gem ɗin ƙwallo na EA FC kuma ku da fad ɗin hannu ne, wannan duk ba rigimarku ba ce.

Wani abu da masu sharhin waje ba sa kawowa saboda ba matsalarsu ba ce, ƙura. Maus masu huji-huji a baya irin wanda Glorious Model O ya yayata a 2019, an yi su ne don rage nauyi, amma a hunturunmu kana iya leƙawa ta hujin ka ga ƙura ta kwanta a kan allon ciki, ga gumin bazara yana bi ta nan. Tunda yanzu ana samun giram 55 ba huji ko ɗaya, ban ga dalilin ɗaukar mai huji ba. Haka maɓalli, na ƙarfe da ke haɗuwa da juna shi ne in ya tsufa ko datti ya shiga yake fara danna biyu a dannawa ɗaya, kana jan fayil ya saki a hanya. Mai aiki da haske ba ya wannan cutar, shi Razer suke sawa, Superlight 2 ma ya koma wani haɗi na haske da ƙarfe. Wilin tsakiya ma in ya fara tsalle sama kana juya shi ƙasa yawanci ƙura ce, ka hura masa iska kafin ka yanke masa hukunci. In ka tashi daga wasa ka rufe maus da shimfiɗar da ɗan ƙyalle, shimfiɗar kuma a wanke ta da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu a shanya a inuwa.

Mara waya kuwa a daina tsoronsa, matuƙar da ɗan dongul ɗinsa na 2.4GHz, wanda ake jonawa a USB, kake amfani ba Bluetooth ba, Bluetooth na aikin ofis ne. Ka jawo dongul ɗin kusa da shimfiɗa da wayar da aka haɗo maka a kwali maimakon ka cusa shi a bayan kes kusa da rauta. A Windows ka shiga saitin maus ka cire alamar Enhance pointer precision. Sabon maus kuma ka juya cikinsa, wasu suna zuwa da siririyar leda a kan ƙafafun, mutum sai ya yi wata yana cewa maus ɗin ba ya santsi alhali ledar ce bai ɓare ba.

Batun kuɗi, Viper V3 Pro da Superlight 2 duk wajen dala 160 aka sa musu da suka fito, ka buga da canjin yau ka ji. Amma kamfanonin Chaina irin su VXE da VGN da Attack Shark suna saka PAW3395 ɗin nan a maus mara waya mai giram 50 da ɗoriya a kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗin ko ƙasa, inda suke gazawa shi ne manhaja da garanti da kuma rashin tabbas, wani ya samu mai kyau wani ya samu mai ƙara. Tsohon G305 na Logitech mai batir AA ɗaya har yau yana nan da ransa, ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu ma ya fi, sai G102 mai waya ga ɗan makaranta. Shi G102 ɗin saboda farin jininsa jabunsa sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya sak, don haka in za ka saya a shago ka je da laftof mai G HUB, manhajar Logitech, a kai, ka jona a gaban mai shagon, in manhajar ba ta gane shi ba ka ajiye masa kayansa. Kuma in akwai abokinka mai irin wanda kake so, ka roƙe shi aron kwana biyu ka buga da shi tukun kafin ka tura oda.