Shuɗin da na ƙara da hannuna

Makon jiya na miƙa kwamfutar aiki na yi sallama da kamfanin, bayan shekara 4 ina gina wa mutane shafukan intanet. Wasu abokan aiki sun ce in bar wa masu tasowa wani abu a rubuce. Da na zauna lissafa ayyukan da suka bi ta hannuna, duk inda na juya aiki guda ne ke dawo mini: shafin baje kolin tukwanen wata dattijuwa mai sana'ar tangaran. Waɗanda muka zauna ofis ɗaya sun san wanda nake nufi, sun kuma san wanda aka ɗora wa laifin. Abin da ba su ji ba shi ne yadda laifin ya rabu, nawa ne rabona, nawa ne na wanda har yau bai amsa nasa ba.

Sai an san irin kayan kafin a gane girman ɓarnar. Tuluna ne da kwalaben ado na tangaran, an shafe su da wani ruwan gilashi mai yawan tutiya da silika. Ana gasa su har zafi ya kai wajen digiri 1,280, shafen ya narke sarai, sannan a sauko da zafin da sauri zuwa wajen 1,100 ko ƙasa da haka, a riƙe shi nan awa uku, huɗu, wani lokaci fiye. A cikin wannan jiran tutiya da silika ke haɗuwa su tsiro a jikin gilashin kamar furanni, wato kiristal, irin ma'adinin da masana ke kira wilemait. Babu alƙalamin da ya zana su. Mai ginin tana iya sarrafa zafi da lokaci, amma ba ita ke zaɓar inda fure zai fito ba, ko nawa za su fito. Kuma da yake shafen ba shi da alumina sosai, wato sinadarin da ke sa shi kauri, yana tsiyaya daga jikin tukunya yayin gashi, don haka sai an ɗora kowace a kan wata 'yar gammo ta yumɓu da kasko a ƙasa mai tarar abin da ya zuba. Bayan tanda ta huce a ɓalle gammon, a goge gindin da dutsen niƙa. A nan ma wasu ke fashewa, bayan duk wahalar ta ƙare.

A zamanmu na farko ta bidiyo ta yi mana wannan bayani, ni da oga. Ta ce sana'ar ta yi tashe a ƙarshen ƙarni na 19 a masana'antar Sèvres ta Faransa da ta Royal Copenhagen ta Denmark, kuma a Amurka wata mata, Adelaide Robineau, ta ƙarar da shekarunta a kanta a farkon ƙarni na 20. Ta nuna mana yadda kobalt ke ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da kore, shi kuwa nikel mai abin mamaki ne: furen ya fito shuɗi, filin da ke kewaye da shi ya zama ruwan zuma. Ta kawo wata tukunya kusa da kyamara ta nuna zobe-zoben da ke cikin kowane fure, ta ce kowane zobe alamar lokacin da ta ɗaga zafi ko ta sauke shi ne, kuma masu tara irin waɗannan kaya shi suke fara dubawa. Ni ina rubutawa. Oga yana duba wayarsa.

Mai ɗaukar hoto ya yi aikinsa tsaf, ya turo mana hotunan tukwane 42, manya-manya, kowane yana da nauyi. Shi kuwa oga abu guda ya dame shi a duniya: makin saurin shafi da ma'aunin PageSpeed na Google ke bayarwa. Daga 90 zuwa sama lambar takan zama koriya, kuma koriyar lambar nan ita yake ɗauka a hoto ya tura wa abokan ciniki. Don in kai ta, na bi da hotunan gaba ɗaya ta cikin manhajar matse hoto, na kunna zaɓin da ke share duk bayanan da ke manne da fayil. A raina, sunan kyamara da ranar ɗauka nake zubarwa.

Ashe har da bayanin launi na zubar. Mai hoton ya adana aikinsa a tsarin launi na Adobe RGB, wanda ya fi wani tsarin, sRGB, faɗi, musamman wajen kore da shuɗi mai ratsin kore. Shi kuma burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet, in bai ga takardar da ke gaya masa wane tsari ba ne, sai ya ɗauka sRGB ne, tsarin da HP da Microsoft suka fitar tun 1996 wanda intanet ta ginu a kai. Kamar a auna abu da mita ne, a rubuta lambar kawai, wani ya zo ya karanta ta da yadi. Lambobin ba su canja ba, ma'anarsu ce ta ragu. Launuka suka koɗe. Matsewar JPEG ɗin da na tsananta kuma ta ƙara nata: tsarin yana rage bayanin launi fiye da na haske, don haka siraran alluran bakin fure da zoben nan da ta nuna mana suka cakuɗe suka zama dusu-dusu.

Na ga koɗewar. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na gani, na kuma ji a jikina cewa wani abu ya faru a hanya.

Oga ya zo wucewa ta bayana, ya tsaya.

"Me ya sa suka yi fari-fari haka? Ƙara musu kala."

Na ce, "Oga, ina jin wajen matsewa aka samu matsala. A ba ni kwana ɗaya in bi sawu."

"Ba mu da kwana ɗaya. Gobe za a buɗe. Ja abin nan sama, mutane kala suke saya."

Sau ɗaya na faɗa, a hankali, ban maimaita ba. Na buɗe Photoshop na ja ma'aunin ƙarfin launi, na ɗora shi a kan hotunan 42 baki ɗaya, ba tare da na buɗe ko guda daga cikin na asali na jera su ba. Gaskiya sun yi kyau. Sun yi kyau fiye da tukwanen. Garin neman gira aka rasa ido.

Mako uku aka yi lafiya. Sai wani mai tara kayan tangaran ya sayi tulun nikel ɗin nan, wanda ya fi kowane tsada a shafin. Da ya isa hannunsa ya rubuto, cikin ladabi, cewa shuɗin da ya gani a allo mai ƙyalli ne har yana neman komawa shunayya, wanda ya buɗe a kwali kuwa shuɗi ne mai sanyi, mai ɗan toka-toka. Ya mayar da shi. Ita ta biya kuɗin dawowa, ita ta mayar masa da kuɗinsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ciwo shi ne ya jera hoton shafin da nasa hoton ya nuna wa 'yan uwansa masu tarawa, kuma su ba su da yawa, duk sun san juna. Matar da ta yi shekaru ana yarda da maganarta, aka fara tambaya ko tana yi wa hotunanta kwalliya.

Ta kira mu ta bidiyo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko tulun ta riƙe shi kusa da allon kwamfutarta inda hotonsa ke buɗe, ta ce, "Wa ya taɓa launin nan?"

Kafin in buɗe baki oga ya amsa. "Mama, ki yi haƙuri. Yaron da ya yi aikin bai gama gogewa ba. Na sha gaya musu kada a taɓa hoton abokin ciniki."

Ina zaune a gefensa, kafaɗarmu na gogar juna. Ba ni da saƙo, ba ni da imel, ba ni da komai sai maganar da aka yi a tsaye a bayan kujerata. Na yi shiru. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, na fi shekara goma ina neman wannan shuɗin kafin tanda ta ba ni shi. Kai kuma ka gyara mini shi cikin minti ɗaya." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka bari in tsaya a kan nawa tukuna. Ni na share bayanin launi ba tare da na san abin da nake sharewa ba. Ni na ga alamar ciwo na shafa masa hoda. Kuma ni na ɗauki shafin a matsayin talla, alhali ga kayan da babu irinsu biyu a duniya, hoton shi ne kawai shaidar da mai saye ke da ita. Wanda ke sayar da kofi dubu iri ɗaya, in hoto ya zarce kaɗan, mutane sun riga sun san kofin. Wannan tulun kuwa babu wanda ya taɓa ganinsa sai mai shi. Duk wannan na amsa. Amma umarnin ba ni na ba kaina ba, kuma mutumin da ya bayar ya san ya bayar. Da a ce bayan an kashe kiran ya ce mini ko da "ka yi haƙuri, dole ce ta sa", da na manta. Abin da ya ce shi ne in gyara kafin Litinin.

Dare biyu na yi. Gano musabbabin bai ɗauke ni minti ashirin ba, da zarar na buɗe hoton asali da na shafin gefe da gefe, wato kwana ɗayan da na roƙa ma ya yi yawa. Na koma kan fayilolin mai hoto, na juya kowane zuwa sRGB yadda ya kamata, na bar bayanin launin manne da shi, abin da nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Na sassauta matsewar har zoben suka dawo. Na roƙe ta ta aiko da 'yan gutsattsarin gwajin da take gasawa tare da tukwane, na daidaita allona da na'urar auna launi, na riƙa ɗora gutsure kusa da hoto da hasken rana. Batun nauyi kuma, ashe ba sai an kashe hoto ba: kowane na yi masa girma uku, ƙarami ya je wa mai waya, babba ya jira sai an danna don a kusanto, na ƙasan shafi kada su sauko sai an gangaro kansu, na kuma ƙara tsarin WebP, mai rage nauyin hoto. Lambar ta zama koriya. Oga ya ɗauke ta a hoto ya tura mata, da bayanin yadda "muka" gano matsalar.

Sauran abubuwan da aikin ya koya mini ba su zo da zafi haka ba. Gilashi madubi ne, in ba a tausasa fitila ba ko a sa matatar da ke kashe ƙyalli a bakin kyamara, tagar ɗakin za a gani maimakon fure. A sa katin toka a hoton farko na kowane zama don a san farin gaskiya. Baƙin bango yana sa kowane launi ya yi ihu, toka mai haske ta fi faɗar gaskiya, ko da ba ta burge oga ba. Hoto ɗaya ba ya isa, domin furannin gaba ba su ne na baya ba, kuma kiristal yana canja sheƙi in an juya shi, don haka ɗan bidiyo na daƙiƙa goma tukunya na juyawa ya fi hoto biyar. A nuna gindin da aka goge, masu saye suna son gani. A rubuta tsawo da faɗi a fili, a kuma sa hoto guda da hannu a riƙe da kayan, in ba haka ba kwalbar da ba ta wuce tafin hannu ba sai ta zama tulu a idon mai kallo. Adadin kowane kaya ɗaya ne tak, saboda haka a tabbata shafin ba ya nuna tsohon kwafi bayan an saya, kada mutum biyu su biya kuɗin abu guda. Wanda aka sayar kada a goge shi, a mayar da shi ɓangaren tarihi da alamar an sayar. Kuma a rubuta cewa na ado ne idan mai ginin ta ce na ado ne.

Ga wanda zai gaji kujerata: duk umarnin da aka ba ka a tsaye, ka zauna ka mayar da shi saƙo. "Oga, kamar yadda ka ce, zan ƙara launi a hotunan, a tabbatar mini." Layi ɗaya ne. Tun daga ranar ban sake taɓa aikin kowa ba sai da irinsa, kuma na lura yawancin umarnin ba sa dawowa da tabbaci, sai dai a ce a bar shi yadda yake.

Tulun nikel ɗin ya sake sayuwa bayan wata biyar, da hotonsa na gaskiya, mai sanyi, mai ɗan toka-toka. Ita ce ta rubuto ta gaya mini, a adireshina, ba na kamfani ba. Shafin yana nan yana aiki, sunan kamfanin na ƙasansa da ƙananan haruffa. A cikin manhajar matse hoton na bar gargaɗi da manyan baƙaƙe a kan layin da ke share bayanan fayil, kada a kunna shi. Oga bai san yana wurin ba, bai taɓa buɗe fayil ɗin ba.